Lamba Ta Ƙasa

Da asuba aka yi yayyafi, ya ɗauke kafin a idar da salla. Na fito da kaskon ƙosai ƙofar gida. Itacen ya jiƙe, sai da na haɗa da tsumma da ɗan kananzir kafin wuta ta kama. 'Yata Hadiza tana goye a bayana, ba ta kai yaye ba. Inna tana cikin zaure tana tsintar waken gobe.

Gidanmu a bakin titi yake, a unguwar da ke dab da shingen iyaka, kan hanyar da ta bar Jibiya ta nufi Maraɗi. A shekarun nan titin ba ya hutawa. Kuɗin fetur sun shigo ƙasa. Tanka, tirela, motocin siminti da na sukari, duk ta ƙofarmu suke wucewa. Wanda bai taɓa riƙe rediyo ba ya saya. Mutanen da fari ya koro daga arewa sun sami dako a tasha, sun kafa bukkoki bayan gidajenmu, wasu har sun yi ginin ƙasa. Ba wanda ya tambaye su takarda. Mu muna ce wa can Faransa, su suna ce wa nan Ingilishi. Amma masallaci ɗaya ake shiga, kuma rabin unguwar kakanninsu suna can.

Tsallaken titi, daidai ƙofarmu, rumfar ƙanena take. Rabe mai faci. Kullum hannunsa baƙi ƙirin da taya, kullum da makullin bawul rataye a wuyansa da zaren lilo, don ya ce in ya ajiye shi direbobi suke sacewa.

Dole in yi bayanin lamba, don waɗanda ba su riski zamanin agana ba. Lamba tsaga ce ta rigakafi da ake yi wa mutum a hannu. Takan kumbura, ta yi ruwa, ta warke, ta bar tabo kamar sisi. Masu lambar wajenmu a sama suke yi, kusa da kafaɗa. Masu lambar Faransa a ƙasa suke yi, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. Ban san dalili ba. Ban taɓa samun wanda ya sani ba.

Ni da Rabe uwa ɗaya uba ɗaya ne, ɗaki ɗaya aka haife mu a nan Jibiya. Da aka zo yaye shi, aka kai shi wajen kakarmu ta wajen uwa, kamar yadda ake yi wa kowane yaro. Ƙauyen kaka yana ƙetaren gulbi, cikin Faransa. Kaka ta riƙe shi ya wuce yaye, har ya yi wayo. Yana can masu lamba suka zo ƙauyen. Shi ya sa tawa tana sama, tasa tana ƙasa.

Maigidana direban tirela ne, haifaffen Maraɗi, iyaye da kakanni duk can. Yana yaro ya biyo babansa cin kasuwar Jibiya, ranar aka tare hanyoyin kasuwa aka yi wa kowa lamba. Tasa tana sama. Inna kuwa ba ta da ko ɗaya. Agana ta kama ta tana budurwa, ta tashi da zanzana a fuska, masu lamba suna ganinta suke wucewa.

Wannan abin dariya ne a gidanmu. Maigidana yana kiran Rabe Mushe, yadda mutanen Faransa ke kiran malamin makaranta ko ma'aikacin ofis. Rabe yana kiransa ɓarawon lamba. Inna ba ta son sunan Mushe. Takan ce a bar kira mata ɗa da sunan abin da ya mutu ba yanka. Ba su bari ba.

Da safen nan maigidana yana zaune kan benci a gefena yana jiran kaskon farko. Rabe ya tsallako titi daga shi sai singileti. Rigarsa mai dogon hannu na wanke masa jiya da yamma, na manta ta a igiya, yayyafi ya sake jiƙa ta.

"Mushe, an tashi lahiya? Yau ba a sa kwat a Faransa?"

"Lahiya lau, ɓarawon lamba. Maido mini tawa ka karɓi taka, in ga ko za ka iya ɗaukar ta."

Ya sa hannu cikin matsami ya ɗauki ƙosai biyu da zafinsu, yana jefa su daga wannan hannu zuwa wancan. Na kai masa dukan ludayi, ya kauce. Ya ce, Yaya, ki rubuta a bango. Ya ja ƙafar Hadiza ta yi dariya, ya koma rumfarsa.

Shekarar ce aka ce masu mulki za su sauka a yi zaɓe. Jam'iyyu sun fito, kowace da tuta da mota mai lasifika. A yankinmu manyan mutane biyu ne suke neman kujera ɗaya. Ba zan faɗi sunansu ba. Mutanen tasha, direbobi da 'yan dako, sun karkata ga ɗaya. Sai lasifikar ɗayan ta soma wata magana. Ta ce Jibiya ta cika da baƙi. Ta ce an kwaso su daga Faransa an raba musu katin zaɓe. Ta ce suna shan fetur ɗinmu suna cin hatsinmu, yanzu kuma za su zaɓa mana shugaba. Tun muna jin kalmar baƙi muna waige-waige mu ga wa ake nufi, har muka saba. Maigidana ya ce surutun siyasa ne, bayan zaɓe duk za su zo cin ƙosai. Rabe ya ce shi jam'iyyarsa ita ce wanda tayarsa ta fashe.

A makon nan aka yi faɗa a tasha kan tuta. Aka fasa wa wani saurayi kai, aka wuce da shi asibitin Katsina. Labari ya dawo mana cewa ya mutu, kuma 'yan Faransa ne suka kashe shi.

Da hantsi na lura titi ya yi shiru. Ba mota daga wajen Katsina. Rediyon mai shayi kaɗai ake ji. Masu kakin da ke gadin shinge suka sauke sandar tare hanya, suka shige ɗakinsu, suka ja ƙofa. Ban taɓa ganin sun yi haka da rana ba.

Sannan muka ji ƙarar tifa, ba ɗaya ba. Sannan waƙa, ta mutane da yawa. Da tifofin suka tsaya, waƙar ta tsaya. Abin da ya biyo baya shi ne ƙarar adda ana jan ta kan kwalta. Har yau in almakashi ya faɗi kan siminti sai gabana ya faɗi.

Samari ne, da gorori da adduna, da jan ƙyalle a kai. Ban san fuskar ko ɗaya ba. Ba 'yan garinmu ba ne, an ɗebo su daga wani wuri. Suka rabu biyu, wasu suka shiga bukkoki, wasu suka tare titi.

"Kowa ya fito! Kowa kan titi! A zauna!"

Na bar mai a wuta. Muka zauna kan kwalta, maza da mata, kwaltar da sauran danshi. Inna tana damana, maigidana yana haguna. Rabe yana can gefen rumfarsa cikin 'yan dako. Ya ɗaga mini kai, wai in kwantar da hankali.

Babbansu ya hau kan taya ya ce 'yan ƙasa ba abin da zai same su, baƙi suke nema. Amma ba su san yadda za su gane baƙin ba. Fuskokinmu iri ɗaya. Zanen fuska iri ɗaya. Sai suka soma da harshe. An gaya musu mutanen Faransa ba su iya cewa fita ba. Suka bi layi suna nuna mutum da gora.

"Ce fita!"

"Hita."

"Tashi ka koma can. Kai, ce fita!"

"Hita."

Duk Jibiya hita muke cewa. Suka tayar da mai shayi, suka tayar da mahauci, suka tayar da ladanin unguwa, wanda kakan kakansa yana cikin waɗanda suka sari garin. Da ladan ya buɗe baki zai yi bayani, aka buge shi a baki. Layin da suka ware ya fi na zaune yawa. Su kansu suka ga abin ba ya tafiya. Babbansu ya soma zagi. A lokacin na yi zaton za su gaji su tafi.

Sai wani mutum ya tashi daga cikinmu. Ɗan garinmu ne. Ya sha cin ƙosaina. Ba zan faɗi sunansa ba, 'ya'yansa suna nan, ba su san komai ba. Ya je ya yi wa babbansu raɗa, yana shafa hannunsa na hagu, sama, sannan ƙasa. Na ga hannun nan yana motsi. Na gane kafin a faɗa.

"Kowa ya koma ya zauna! A naɗe hannun riga! Har kafaɗa!"

Daga nan aikinsu ya yi sauri. Mai lamba ta sama ya tsallaka hagun titi. Mai lamba ta ƙasa ya koma dama, wajen tifa. Ba tambaya, ba suna. Aka zo kan maigidana. Wani saurayi ya kama hannunsa ya juya, ya ga tabo kusa da kafaɗa, ya ce, tashi ɗan ƙasa. Maigidana ya tashi. Bai ce uffan ba. Aka duba nawa, aka tura ni bayansa.

Rabe ba shi da abin naɗewa. Hannunsa a fili yake tun safe. Tun daga nesa suka gani.

Na yi ihu na ce ƙanena ne. Na ce ga gidanmu nan, ga ɗakin da aka haife shi. Na ce a tambayi kowa. Ba wanda aka tambaya, kuma ba wanda ya ɗaga kai. Inna ta tashi ta tsallaka titin, ba ta ko gudu. Ta riƙe singiletinsa ta baya.

"Ɗiyana ne. Yaye na kai shi. Yaye kaɗai."

Wani ya fizgi hannunta ya duba sama, ya duba ƙasa. Ya kama ɗayan ya duba. Bai ga komai ba. Ya tsaya yana kallon babbansu. Sannan ya hankaɗe ta, ta faɗi zaune kan kwalta.

Rabe ya yunƙura. Biyu suka riƙe shi. Na uku ya ce tunda yana son zama ɗan ƙasa, bari a yi masa tamu. Ya ɗaga adda ya sare shi a hannun hagu, sama, kusa da kafaɗa. Ban ji kukan Rabe ba. Na ji dai ƙarar saran, kamar ana datsa rake. Da suka ɗaga shi za su jefa cikin tifa, ya juyo.

"Yaya, ɗauke Inna."

Shi ne abin da ya faɗa.

Suka cika tifa biyu. 'Yan dako, mai wankin hula, wata tsohuwa mai saida daddawa, da 'yan Jibiya irin Rabe da aka taɓa kaiwa yaye ko riƙo a ƙetare. Tifofin suka nufi shinge. Ƙofar ɗakin masu kaki ta buɗe, hannu ya fito ya ɗaga sandar, ƙofar ta koma ta rufe.

Waɗanda suka rage suka sa wa bukkoki wuta. Jinka ta jiƙe, ta fi hayaƙi yawa. Amma a bayan bukkokin akwai inda ake ɓoye duron fetur na masu ƙetarawa da shi. Na farko ya tashi, ƙasa ta girgiza. Na biyu ya bi. Su kansu samarin suka watse da gudu. Wuta ta kamo layin gidajenmu. Na ga kaskona yana ci, man ya kama.

Maigidana ya ce mu shiga gari, wajen 'yan'uwan mahaifina. Inna ta ce a'a. Ta ce in sun zubar da su a Faransa, Rabe ba inda zai nufa sai ƙauyen kaka, ya san hanya tun yana ƙarami. Ta ce can za ta je ta jira shi, wanda zai bi ta ya bi ta. Ba mu yi gardama ba. Ba mu ɗauki komai ba. Ni ko takalmi babu.

Muka bi ta bayan masallaci muka faɗa gonakin Magama. Damina ta yi nisa, gero ya fi tsayin mutum. Ganyensa yana yankar fuska. Ƙasa ta yi laushi, ƙafa tana nutsewa. Akwai wasu mutane a cikin geron, muna jin motsinsu, ba ma ganinsu, ba mai kiran wani. Hadiza ta soma kuka. Na juyo da ita gaba na sa mata nono ina tafiya. Inna tana gaba. Ita ta san hanyar, ta bi ta tana amarya, ta bi ta ranar da ta kai Rabe yaye.

Ba a kira azahar a Jibiya ba ranar. Da an kira da mun ji, ba mu yi nisa ba. Da rana muka gane lokaci ya yi.

Muna dab da gulbi muka ji tifa daga yamma da mu, bayan kwana, inda ba ma gani. Injin ya yi ƙara mai tsawo, irin wadda yake yi in za a juye yashi. Maigidana ya tsaya cak. Shi direba ne, ya san ƙarar. Sannan muka ji mutane. Ba zan kwatanta ba. Bai daɗe ba. Injin na biyu ya yi irin ƙarar. Inna ta tambaya mene ne. Maigidana ya ce mota ce ta kafe a laka. Ta dube shi, ta ci gaba da tafiya.

Gulbi ya cika, ruwan ja, yana tafe da kara da itace. Wani Bafulatani mai kiwo yana gaɓa da shanunsa. Bai tambaye mu daga ina ba. Ya nuna mana mashigi da sanda, ya shiga gaba. Ruwan ya kai mini ƙirji. Na ɗora Hadiza a ka. Inna ba za ta iya ba, gajeriya ce, kuma faɗuwar da ta yi ta taɓa mata ƙugu. Maigidana ya durƙusa a gabanta. Mutumin da tunda ya aure ni bai taɓa cin abinci a gabanta ba, bai taɓa haɗa ido da ita ba. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta hau bayansa. Haka muka ƙetare. Ba wanda ya sake tayar da maganar har suka bar duniya.

Rana ta yi ja muka shiga ƙauyen. Kaka ta daɗe da rasuwa, ƙanen Inna ne a gidan, Kawu Bawa. Ya ga ƙafafuna ya sa aka kawo ruwan ɗumi. Inna ta ƙi shiga. Ta zauna a dakalin ƙofar gida tana fuskantar hanyar gulbi.

Mutane suka riƙa shigowa ɗaiɗai, ranar da washegari. Wasu tsirara, wasu da sara. Duk wanda ya zo Inna takan tambaye shi Rabe mai faci. Wasu suka ce ba su lura ba. Wasu suka sunkuyar da kai.

Wani ɗan dako da nake ba ƙosai bashi, Abarshi, shi ya gaya wa maigidana, ni ina bayan danga ina ji. Ya ce da tifofin suka isa shingen Faransa, suka tarar an rufe, jandarmomi, 'yan sandan can, sun jeru da bindiga, sun ce ba mai shigo musu da rigimar Ingilishi. Sai direbobin suka juya suka bi hanyar masu ɗibar yashi. Suka ja da baya har bakin gaɓa, inda ruwa ya fi zurfi. Suka ɗaga bodi. Ya ce mutane suka zube kan juna. Ya ce ya ga Rabe ya kama saiwar ɓaure da hannu ɗaya, ɗayan hannun ba ya aiki. Ya ce wata mata ta riƙe ƙafarsa. Da ya sake dubawa, saiwar kaɗai ya gani.

Ba mu gaya wa Inna ba. Ta ci gaba da zama a dakali.

Ba mu cika mako ba jandarmomi suka zo da mota. Suka tara duk wanda ya ƙetaro a gindin tsamiyar mai gari. Tafintansu ya ce hukuma ta ba da umarni, 'yan ƙasa su zauna, 'yan Ingilishi su koma inda suka fito. Wani dattijo ya tambaya yaya za a gane. Babban jandarman ne ya yi magana, da Hausa, Hausa irin tamu.

"A naɗe hannun riga."

Na ji wata mata ta yi dariya a bayana, dariyar da ba ta daɗi ba.

Da aka zo kan maigidana, ya yi abin da bai yi a Jibiya ba, ya buɗe baki. Ya faɗi unguwarsu a Maraɗi. Ya faɗi sunan babansa da na mai unguwa. Ya haɗa da 'yan kalmomin Faransanci da ya iya na hanya. Jandarman ya saurare shi har ya gama. Sannan ya sa bakin sanda ya taɓa tabon da ke kusa da kafaɗarsa.

"Hannunka ya riga ka magana. Hau mota."

Aka duba nawa, aka ce in hau. Aka duba Inna, hannu biyu, aka dubi fuskarta, aka wuce. Na roƙe ta ta biyo mu. Ta ce in ta tafi, wa Rabe zai tarar in ya zo. Ta kwance ɗankwalinta ta yaga biyu ta ɗaure mini ƙafafu. Inna ba ta faɗin sunana, ni ce 'yar fari. Ranar ma ba ta faɗa ba. Ta ce, ke, ki riƙe yarinyar nan da kyau. Mota ta tashi, tana tsaye gindin tsamiya.

A shinge suka sauke mu. Masu kakin wajenmu suka ɗaga sandar, ɗaya har ya ce mana sannu da zuwa.

Zaurenmu ya ƙone, rufin ɗakin Inna ya rufta. Rumfar Rabe ba ta nan, sai wayoyin taya a toka. A tsakar gida igiyar shanya tana nan. Rigar tana kai. Hayaƙi ya sa ta baƙi, amma wuta ba ta taɓa ta ba.

Maƙwabta suka riƙa zuwa jaje. Jajen gobara suke yi, ba mai ambaton tifa. Mutumin da ya yi raɗa shi ma ya zo, ya tsaya a ƙofa ya ce Allah ya mayar da alheri. Maigidana ya amsa masa. Ni na shiga ɗaki. Rediyo bai faɗi komai ba. Titi ya buɗe, tanka da tirela suka ci gaba da wucewa. Aka yi zaɓe. Motar lasifika ta zagayo tana godiya. Saurayin da aka ce an kashe, na gan shi da idona a kasuwa, da tabo a goshi, yana cinikin agogo. Manyan mutanen nan biyu kuwa, ba a yi shekara ba aka gan su a mota ɗaya za su ɗaurin aure.

Bayan an yanke gero Kawu Bawa ya aiko wani direba da saƙo. Ya ce a wani ƙauye can ƙasa da nasu, da ruwa ya janye, an tsinci mutum a kan yashi. Ba su san shi ba, fuskar ba ta ganuwa. Suna shawara ko su aika wa hukuma, don ba sa son a ce sun taɓa gawar ɗan Ingilishi. Sai mai garin ya juya hannun ya ga lamba a ƙasa. Ya ce, wannan namu ne. Suka yi masa wanka, suka haɗa likkafani, suka sallace shi, suka binne shi a maƙabartarsu da ke bakin gulbi. Abin da suka cire daga wuyansa suka ajiye ko wani zai zo nema. Zaren lilo ne da ɗan ƙarfe. Labari ya kai wa Kawu, ya je ya karɓo. Inna ta karɓa ta duba, ta rataya a wuyanta. Ranar ta bar dakali ta shiga gida.

Na aika mata sau da yawa ta dawo, mun gyara rufin. Amsarta ɗaya ce. Ta ce nan aka ce ba nasu ba ne, can aka ce nasu ne, ita tana inda aka karɓe shi. Damina biyu ta ƙara. Lokacin da ta rasu an rufe iyaka kan wata rigimar da ba ta shafe mu ba. Sai da aka buɗe na je. Na tarar da ƙasa ta riga ta kwanta.

Maigidana ya bar hanyar Maraɗi, ya koma ɗaukar kaya zuwa kudu. Bai ƙara sa riga mai gajeren hannu ba, ko a cikin gida, ko da bazara. Sunan nan da yake kiran Rabe da shi, ba a ƙara faɗinsa a gidanmu ba. Ko akuya ta mutu a unguwa, sai mu ce ta faɗi. Sau ɗaya, yana ciwon da ya tafi da shi, ya ce mini Rabe ya nemi su yi musaya da safen nan, shi kuma ya yi dariya. Na ce wasa ne. Ya ce ya sani.

Da aka zo yi wa yara allura a unguwa, na kai Hadiza. Matar da ke yin allurar ta ce in buɗe hannun yarinyar. Na naɗe rigar har kafaɗa, na sa tafina biyu na rufe daga gwiwar hannu zuwa ƙasa. Matar ta ce in sassauta, zan karya yarinya. Ban sassauta ba sai da ta gama.

Mu biyar muka kwana a gidan nan kafin ranar. Inna tana can ƙetare. Maigidana yana nan Jibiya, a maƙabartar garin da ba nasa ba. Rabe ba ya ko'ina, don shekarun baya gulbi ya canza hanya ya cinye gefen maƙabartar da aka sa shi. Hadiza tana gidan mijinta a Bugaje, ba ta tuna kawunta, sai abin da na gaya mata. Saura ni.

Rigar tana cikin adakata. Na wanke ta, baƙin bai fita duka ba. Na san ko da ya sa ta ranar, cewa za su yi ya naɗe. Na san wannan. Amma har yau in na ji yayyafin asuba, sai na tashi na fita tsakar gida, ko da ba komai a kan igiya.